Intabiyun Sakataren Asibiti: Shaidar Wadda Ta Daɗe a Kan Kujerar

Na daɗe ina aikin sakatariya a asibiti, kuma da tafiya ta yi tafiya aka riƙa sa ni cikin kwamitin da ke tantance masu neman irin kujerar da nake kai. Abin da zan faɗa a nan shaida ce ta abin da ido ya gani a wannan zama. Yawancin waɗanda muke sallama ba tare da aiki ba, da iliminsu suke zuwa, takardunsu kuma ba su da aibu. Inda suke tuntuɓe shi ne sun shirya wa tambayar "me ka sani", alhali kwamiti so yake ya ga abin da za ka yi lokacin da ba ka sani ba, ko lokacin da aka matsa maka da gaggawa, ko lokacin da wani da kake jin nauyinsa ya roƙe ka abin da aiki bai yarda ba.

Shiri yana farawa ne daga sanarwar aikin kanta. Ka fitar da ita a takarda, ka ɗauki biro, ka ja layi a ƙarƙashin kowane sharaɗi. Galibi akan raba su gida biyu, waɗanda dole ne da waɗanda in an samu an fi so. Daga na dolen nan ake ciro tambayoyi, kuma a kansu ake ba da maki, kowane ɗan kwamiti da takardarsa a gabansa. Saboda haka a gefen kowane sharaɗi ka rubuta abu guda da ka taɓa yi da hannunka wanda zai tsaya maka shaida. Sannan ka gano sashen da za a kai ka. Sakataren sashen zuciya da na sashen ƙashi sunan aikinsu ɗaya, amma kalmomin da ke shiga kunnensu daga safe zuwa yamma ba su haɗu ba. Idan sanarwar ta ba da sunan wanda za a tuntuɓa don ƙarin bayani, ka kira shi. Mutane ƙalilan ne ke yin haka, kuma akan tuna da su ranar zama.

Wurare da yawa kafin a zauna da kai sai an kai ka gaban kwamfuta. Saurin bugun rubutu da sanarwa kan nema yakan kama daga kalma 40 zuwa 60 a minti ɗaya, kuma a lissafin wannan gwaji kowane bugu biyar, har da tazarar tsakanin kalmomi, shi ne kalma guda. Ka auna kanka a gida da agogo, minti biyar a jere, don ka san inda kake. Minti ashirin zuwa talatin kullum na tsawon mako biyu ya fi zaman awa huɗu a daren jajibiri amfani. Kuma ka yi atisayen a kan madannan kwamfutar tebur, domin wanda yatsunsa suka saba da ƙaramar kwamfutar cinya sukan ɗan rikice idan aka canja masa.

Sai dai sauri ba shi ne abin da muka fi dubawa ba. A yawancin gwaji akan ba ka muryar likita da aka naɗa, ka sa abin saurare a kunne, wani wurin har da abin takawa da ƙafa na tsayar da muryar ko mayar da ita baya, kai kuma ka mayar da maganar wasiƙa. Likitan da ke cikin muryar zai yi sauri, zai haɗiye ƙarshen kalma, zai ce "a'a, share wannan" ya koma baya. Da gangan ake zaɓar irin wannan, don haka aikin yake. Tarkunan kuma sanannu ne. Akwai mg da mcg, wato miligiram da maikirogiram, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ninki 1,000 ce. Akwai hyper da hypo, ɗaya yawa ɗaya ƙaranci, kuma a bakin mai sauri kusan sauti ɗaya suke fita. Akwai 15 da 50 idan da Turanci ake magana. Akwai ileum, wanda yanki ne na ƙaramin hanji, da ilium, wanda ƙashin ƙugu ne. Akwai dysphagia, wahalar haɗiya, da dysphasia, matsalar magana. Sai hagu da dama, wanda shi ne ya fi kowanne sauƙi kuma ya fi kowanne haɗari, musamman a wasiƙar da za ta je hannun masu tiyata. Wurin rubuta adadin magani kuwa, rabin miligiram 0.5 ake rubutawa da sifilinsa a gaba, don idan ɗigon ya ɓace a kwafi kada a karanta 5. Biyar kuma 5 ake rubutawa kawai, domin 5.0 na iya komawa 50 a idon mai gaggawa.

To idan ka saurari kalma sau uku ba ka gane ta ba fa? Nan ne ake rarrabe mutane. Wani sai ya cika gurbin da kalmar da ta fi kama da abin da ya ji, wasiƙar ta fito tsaf kamar ba komai. Wani kuma sai ya bar gurbi a fili, ya sa masa alama, ya rubuta a gefe cewa a minti kaza na muryar akwai kalmar da take buƙatar likita ya tabbatar. Na biyun muke ɗauka, ko da na farkon ya riga shi gamawa. Gurbi kowa na ganinsa, likita zai cike shi cikin daƙiƙa goma kafin ya sa hannu. Kalmar da aka yi wa cinta kuwa tana iya wucewa ta idon likitan da ke da wasiƙa talatin a gabansa, ta shiga fayil, wani likitan ya gina magani a kanta. Ka kuma lura da gyaran da Word, manhajar buga rubutu, ke yi da kansa, domin sunayen magunguna baƙi ne a wurinsa, yakan ja musu jan layi ya ba ka wata kalmar da ba ita ba. Kada ka karɓi gyaransa ido rufe. Ka bar minti biyu na ƙarshe don karanta abin da ka buga, ka fara da lambobi da sunaye kafin jimloli.

Tsarin wasiƙar asibiti ba shi da wuya, amma ka san shi kafin ranar: sunan mara lafiya cikakke, ranar haihuwa, lambar asibiti, ranar da likita ya gan shi da ranar da aka buga wasiƙar, wanda ake aika wa, cutar da aka gano, magungunan da yake sha, bayanin likita, abin da za a yi nan gaba, da waɗanda za a ba kwafi. Kwanan wata kuma ka rubuta watan da haruffa idan tsarin wurin ya bari, saboda 03/04 wani 3 ga Afrilu zai karanta, wani 4 ga Maris.

Kalmomin likitanci su ne ke hana masu neman aikin barci, kuma a ganina sun fi ba su tsoro fiye da yadda ya kamata. Ba wanda zai ce ka haddace ƙamus. Yawancinsu haɗe-haɗe ne na guntaye, in ka riƙe guntaye talatin zuwa arba'in ka buɗe ɗaruruwan kalmomi. Cardio zuciya, gastro ciki, nephro ƙoda, hepato hanta, neuro jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A ƙarshen kalma, itis kumburi ne, ectomy cirewa, otomy tsagawa, ostomy buɗe ƙofa ta fita, scopy leƙawa da na'ura. Ka haɗa da gajerun alamomin shan magani: od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, prn in buƙata ta taso, stat nan take. Idan sanarwar ta ambaci lambobin cututtuka, ana nufin tsarin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, amma asibitoci da yawa har yanzu na 10 suke amfani da shi. Ya isa ka san mene ne shi da amfaninsa, sai fa in aikin na masu sa lambobin ne.

Gwajin da na fi so shi ne na tarin aiki. Za a ce maka ka iso ofis da safe ka tarar da abubuwa kamar haka a lokaci guda: babban likita yana son wata wasiƙa kafin sha biyu, an soke kilinik ɗin gobe, wato zaman ganin likita, mai mutum ashirin kuma ba a sanar da kowa ba, ɗakin gwaje-gwaje sun bar saƙo cewa akwai sakamakon da dole likita ya gani yanzu, wani mutum na tsaye a bakin tebur yana faɗa an ɓata masa lokaci, waya kuma na ƙara, da ka ɗauka wata mata ta ce mahaifinta ƙirjinsa na ciwo yana ta gumi, tana son a matso masa da ranar ganin likita. Me za ka fara?

Da yawa sukan fara da wasiƙar babban likita, saboda shi ne babba. Wannan amsar tana zubar da maki nan take. Matar da ke waya ita ce farko, kuma abin da ta roƙa ba shi za ka yi ba. Ciwon ƙirji da gumi ba maganar matso da rana ba ce. Za ka ce mata ta kira motar asibiti ko ta kai shi sashen gaggawa mafi kusa yanzu-yanzu, ka karɓi sunansa da lambar wayarta, ka sanar da likita ko nas, ka rubuta lokacin da ta kira da abin da ka gaya mata. Haka abin yake idan an ce numfashi na sarƙewa, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu, ko jini ya ƙi tsayawa. Bayan ita sai sakamakon gwajin, kuma shi ba a ajiye shi a tebur a tafi. Hannu da hannu ake kai shi, ko baki da baki, in likitan ba ya nan a nemi wanda ke riƙe masa aiki. Mai faɗa a bakin tebur kuwa tun farko ka ɗaga kai ka ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, na gan ka, akwai gaggawa a waya, ina zuwa gare ka." Wannan jimlar kaɗai takan sauke rabin fushi. Sai kiran mutanen gobe, ka fara da masu safiya da masu zuwa daga nesa. Wasiƙar tana da har sha biyu, in ka ga ba za ta samu ba ka gaya wa likitan tun da wuri. Ko jerin naka ya ɗan bambanta da wannan ba laifi, muddin ka faɗi dalili, kuma dalilin ya kasance wane ne zai cutu idan aka jinkirta.

Sirrin mara lafiya kuwa babu intabiyun da za a tashi ba a taɓo shi ba. Kowa yakan ce "ni mai riƙe sirri ne", shi ya sa ba ma tambaya a haka. Sai mu ce: wani ya kira ya ce shi mijin wance ne, yana son sakamakon gwajinta, muryarsa cike da damuwa, ya ma faɗi ranar haihuwarta daidai. Amsar da muke jira tana da taushi amma ba ta da ƙofa: "Ranka ya daɗe, na fahimci damuwarka, amma ba ni da ikon ba da bayanin kowa sai da izininsa a rubuce. In ita ta kira, ko kuka zo tare, za a taimaka muku." Ka lura, ko cewa matar tana zuwa asibitin ba ka tabbatar masa ba, domin wannan ma sirri ne. Sai mu ƙara matsawa: abokiyar aikinka ce, wadda kuke zama tare, ta ce don Allah ka ɗan duba mata fayil ɗin ƙanwarta. Amsa a'a ce, kuma ka ƙara da cewa manhajar asibiti tana ajiye tarihin duk wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. Fayil ɗin da aikinka bai kai ka gare shi ba, ba ka buɗe shi, ko na maƙwabcinka ne, ko naka na kanka. Idan ɗan sanda ko lauya ko kamfanin inshora suka nemi bayani, ba kai ke yanke hukunci ba, sama kake miƙawa. Ka kuma nemi sanin dokar kare bayanan mutane ta ƙasar da kake neman aikin, ko da sunanta da manufarta ne kawai.

Wanda ya ambaci ƙananan abubuwa shi ke nuna mana ya taɓa aikin ko ya yi tunani a kansa: kulle fuskar kwamfuta duk lokacin da ka tashi, ko da zuwa firinta ne, rashin ba kowa kalmar sirrinka, kifa takarda idan wani ya tsaya a kanka, niƙa takardun da aka gama da su a injin yankawa maimakon jefa su a kwandon shara, sake duba adireshin imel kafin aikawa, saboda Outlook, manhajar imel, yakan cike maka sunan da ya fi kama, da barin saƙon murya da bai wuce "a kira wannan lambar" ba, domin ba ka san wanda zai saurara ba.

Kusa da wannan akwai tabbatar da mutum. Ƙa'idar ita ce shaida biyu aƙalla, suna cikakke da ranar haihuwa ko lambar asibiti. Kuma shi zai faɗa, kai ka duba. In ka ce "kai ne wane, ko?" mai ciwo, ko tsoho mai nauyin kunne, ko wanda ya gaji da jira, "e" zai ce maka. Sunaye suna maimaituwa sosai a kundin asibiti, tagwaye kuma ranar haihuwarsu ɗaya, shi ya sa lambar asibiti take raba gardama.

Wata tambayar da ke kama masu kirki ita ce ta mara lafiyar da ya kira yana roƙo, "'Yar'uwa, don Allah ki dai gaya mini, sakamakon lafiya lau ne?" alhali ga sakamakon a gabanka. Tausayi zai ce ka faɗa. Amma sakatare ba ya fassara sakamako, ko da ya ga kamar komai daidai ne, sai in likita ya rubuta ƙarara abin da za a gaya wa mutumin kuma tsarin wurin ya yarda. Lambar da ta yi kyau a idonka tana iya zama matsala ga mai wata cutar. Abin da ke hannunka shi ne ka gaya masa sakamakon ya iso, za ka kai wa likita yau, ga kuma lokacin da zai ji daga gare ku, sannan ka tabbatar an kira shi a lokacin.

Tambayoyin "ba mu labarin wani lokaci da" suna son tsari, in ba haka ba mutum sai ya yi ta kewaye. Ka faɗi halin da ake ciki a jimla biyu, ka faɗi abin da ya rataya a wuyanka, ka daɗe a kan matakin da ka ɗauka, ka rufe da yadda ta kaya. Minti biyu ya isa. Ka ce "na yi" a inda kai ka yi, domin "muka yi" ba ya gaya mana rabonka a ciki. Ka tanadi misali huɗu ko biyar da za ka iya juyawa: mai fushi da ka lallasa, ranar da aiki ya yi maka yawa, saɓani da abokin aiki, sabon abu da ka koya da sauri, da kuskuren da ka gano ka kai rahotonsa. A na ƙarshen, "ban taɓa kuskure ba" ita ce amsa mafi muni, saboda a asibiti kuskuren da aka ɓoye shi ke kisa. Kuma a cikin duk misalanka kada sunan mara lafiya ko abin da zai sa a gane shi ya fito daga bakinka. Akwai waɗanda suka amsa tambayar sirri da kyau, minti biyar bayan nan suka ba mu labarin wani majinyaci da sunansa da cutarsa.

In ba ka taɓa aiki a asibiti ba, ka faɗa a fili, ka kawo abin da kake da shi daga banki ko makaranta ko ofishin lauya, inda su ma ana riƙe sirri ana kuma tsara lokaci. Haka nan manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, kowane wuri da irin tasa. In ba ka san tasu ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi wadda ka taɓa koya da tsawon lokacin da ta ɗauke ka. Wanda ya ce ya iya Excel kuwa ya shirya a ce ya tace jerin sunaye ko ya jera su bisa kwanan wata a gaban mutane.

Ranar kanta ba ta da dogon bayani. Takardun shaida na asali da kwafinsu, katin shaida, kwafin CV biyu ko uku, biro. Asibiti wuri ne mai ɓatar da baƙo, ka gano ginin da ɗakin tun kafin ranar, ka iso saura minti goma sha biyar. Kashe waya gaba ɗaya. Wanda ya tarbe ka a bakin ƙofa ka gaishe shi da mutunci, sau da yawa akan tambaye shi yadda ya gan ka, kuma wataƙila kujerar da ke kusa da tasa kake nema. In ta intanet ne, ka gwada sauti da kyamara tun jajibiri.

Daga ƙarshe za a ce ko kana da tambaya. Ka tambayi likitoci nawa za ka yi wa aiki, cikin kwana nawa ake son wasiƙa ta fita bayan kilinik, ko akwai tarin wasiƙun da suka taru suna jira a yanzu, wa ke riƙe tebur idan sakatare ba ya nan, da irin horon da ake ba sabo a makonnin farko. Amsar tambayar tarin wasiƙun ka saurare ta da kyau, daga ita za ka san ko mutum ɗaya ake nema ya yi aikin mutum biyu. Waɗanda ka ba da sunansu a matsayin masu tsaya maka kuma ka sanar da su tun kafin a kira su. In ba a ɗauke ka ba, ka rubuta gajeren imel ka nemi makin da ka samu a gwajin bugun rubutu da tambayar da ka fi rauni a kanta. Takardun makin suna nan a ajiye, kuma wurare da yawa za su gaya maka in ka tambaya.